Masu Karatu da Fensir a Hannu

A shekarar 2007 wani mutumin Kanada da ke zaune a jihar Oregon ta Amurka, William Paul Young, ya fito da ƙagaggen labari mai suna The Shack, wato bukka. Asali ma 'ya'yansa shida ya rubuta wa. Kwafi 15 ya fara bugawa, ya raba wa iyali da abokai, ya ɗauka magana ta ƙare. Da abokan suka matsa aka kai wa kamfanonin ɗab'i, 26 suka mayar da shi. Masu buga littattafan addini suna ganin ya wuce gona da iri, masu buga na kasuwa kuma suna ganin zancen Yesu ya yi masa yawa. Daga baya wasu abokansa biyu suka kafa ɗan ƙaramin kamfani suka buga shi da kansu. Cikin shekara goma an sayar da fiye da kwafi miliyan 20, a 2017 kuma aka mai da shi fim.

Da farin jininsa da rigimarsa tare suka taso. Eugene Peterson, fasto kuma masanin da ya mai da Littafi Mai Tsarki cikin Turancin yau da kullum, ya yaba shi har ya jera shi kusa da littafin John Bunyan na 1678, The Pilgrim's Progress, wanda Kiristoci suka shafe sama da ƙarni uku suna karantawa. Albert Mohler kuwa, shugaban babbar makarantar tauhidi ta Baftis da ke Louisville, ya ce akwai karkatacciyar koyarwa ƙarara a cikinsa. Dukansu biyu manyan malamai ne, babu ɗan koyo a cikinsu. To, mai bi da ke zaune a bencin baya na coci, wa zai bi?

Yawancin mutane sun zaɓi hanya mai sauƙi. Wasu sun karanta, sun yi kuka, sun ce littafin da ya taɓa zuciya haka ba zai zama kuskure ba. Wasu ko bangonsa ba su taɓa gani ba, amma za su iya yi maka wa'azin awa guda a kan sharrinsa, duk daga abin da aka turo musu ta WhatsApp. Akwai kuma 'yan tsiraru da suka zauna da littafin, suka bar shi ya yi musu abin da zai yi, sannan suka dawo suka auna shi shafi-shafi, suka fito da hukuncin da za su iya nuna inda suka samo shi. Waɗannan ne ke burge ni. Abin da suke yi gwaninta ce da ake koya, tana da kayan aikinta da ladubbanta, kuma masu ita ba su da yawa.

Labarin kansa ba mai wuyar faɗi ba ne. Wani magidanci, Mack, ya kai 'ya'yansa shaƙatawa bakin wani tafki a Oregon, aka sace autarsa, Missy. Abin da aka samu kawai shi ne rigarta jina-jina a wata tsohuwar bukka can cikin duwatsu. Bayan 'yan shekaru sai ga takarda a akwatin wasiƙunsa tana gayyatarsa zuwa bukkar nan, da sa hannun Papa, sunan da matarsa ke kiran Allah da shi. Ya tafi, ya tarar da mutum uku. Uba ya bayyana a siffar wata baƙar mace mai fara'a da son girki, Yesu a siffar kafinta ɗan Gabas ta Tsakiya, Ruhu Mai Tsarki kuma a siffar wata mace 'yar Asiya mai suna Sarayu. Sauran littafin hira ce ta ƙarshen mako tsakanin uban da aka kashe wa 'ya da Allahn da yake ganin ya zuba ido aka kashe ta.

Na san wata tsohuwar malamar adabi a Jos da ta yi ritaya, kowa Mama yake ce mata. A wurinta na ga yadda ake wannan aiki. Littafi irin wannan sau biyu take karanta shi. A karatun farko ba ta riƙe komai, ba ta tsayawa gardama da marubuci. Ta ce wanda ya shiga labari da niyyar kama ɓarawo ba zai taɓa gane abin da ya sa miliyoyin mutane suka zub da hawaye ba, kuma hukuncin wanda bai gane wannan ba rabin hukunci ne. A karatu na biyu ne take ɗauko fensir, ta buɗe tsohon Littafi Mai Tsarkinta na Hausa, wanda bangonsa ya sha salatif, ta ajiye a gefe. Duk inda wani a cikin labarin ya faɗi wani abu game da Allah sai ta zagaye. Idan ta san ayar da ta goyi bayansa ta rubuta lambarta a gefen dama, idan ta san wadda ta saɓa masa ta rubuta a gefen hagu. Akwai shafukan da gefe biyun duk a cike suke. A irinsu take daɗewa.

Tambayarta ta farko kullum ita ce, wa ke magana? Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san ba a kama Abubakar Imam da laifin ƙaryar Malam Zurƙe. A cikin Littafi Mai Tsarki ma haka abin yake. Abokan Ayuba sun cika surori da jawabai masu kama da hikima, amma a sura ta 42 Allah ya tsauta wa Elifaz da abokansa biyu don ba su faɗi daidai game da shi ba. Wanda ya ciro aya daga bakin Elifaz ya yi wa'azi da ita bai karanta littafin har ƙarshe ba. Saboda haka ba kowace muguwar magana da ke cikin ƙagaggen labari ce ra'ayin marubuci ba, sai a duba wa ya faɗe ta, sannan me labarin ya yi da shi daga baya: ya gaskata shi ko ya kunyata shi.

Wannan ma'aunin bai yi wa Young sassauci ba. Shi a bakin Allah kansa ya sa maganganunsa, kuma babu wani a cikin labarin da ya gyara su. Gaskiya ne ya bar wa kansa ƙofar fita: wani abokin Mack ne ke ba da labarin, kuma a ƙarshe Mack ya farka a asibiti bayan haɗarin mota, aka gaya masa tun ranar da ya tafi haɗarin ya auku. Mai karatu na iya cewa mafarki ne. Sai dai Mack ɗin nan ya kai 'yan sanda har kogon da gawar 'yarsa take, wurin da Papa ya nuna masa. Marubucin ya rufe ƙofar da ya buɗe, yana so a ɗauki abin da aka faɗa a bukkar da gaske. Shi ya sa Mama ba ta karɓar uzurin nan na “ai labari ne kawai”. Takan ce annabi Natan da labarin ƙirƙira ya je wa Sarki Dauda, na matalauci da 'yar tunkiyarsa, kuma da shi ya durƙusar da sarki. Abin da ke da ƙarfin gyara sarki yana da ƙarfin ɓatar da talaka.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne wajen sanin nauyin kowane abu. Hayaniya mafi yawa a kan littafin nan ta taru ne a kan siffanta Uba da mace. Na taɓa tarar da wani saurayi, ɗalibin makarantar tauhidi, a falonta, ransa a ɓace.

“Mama, yanzu wannan har sai an tsaya bincike? Mutum ya mai da Allah mace mai dafa abinci!”

“Zauna, ɗana. Buɗe Ishaya sura 66. In ka gama ka buɗe Luka 15.”

A Ishaya, Allah ya kamanta ta'aziyyarsa da ta uwa ga ɗanta. A Luka, Yesu ya ba da misalin macen da ta share ɗaki tana neman kuɗinta da ya ɓata, yana nufin yadda ake neman mai zunubi. Ta kuma nuna masa cewa littafin da kansa ya ba da dalili: mahaifin Mack dattijon coci ne mashayi da ya riƙa jibgarsa, har kalmar uba ta zame masa abin tsoro. Papa ya bayyana a labarin cewa shi ba namiji ba ne, ba mace ba, kuma kusa da ƙarshe ya sake bayyana a siffar dattijo. Duk da haka ba ta wanke marubucin tas ba. A gefen hagu ta rubuta Fitowa 20, dokar da ta hana siffanta Allah, ta kuma tuna masa cewa Yesu da sunan Uba ya koya wa almajiransa addu'a. Kamantawa daban, zana mutum sukutum a ce ga Uba daban. Hukuncinta shi ne abin yana da haɗari, amma ba nan babbar matsalar take ba.

Sai ta juya 'yan shafuka ta ɗora yatsa a kan wani wuri da saurayin ya wuce bai ko lura ba. A nan Mack ya ga tabon ƙusa a wuyan hannun Papa, irin wanda ke hannun Yesu. Kusa da wurin kuma Papa ya yi magana kamar su ukun ne suka zama mutum. Wurin ya sha zagaye biyu.

Ga wanda ba Kirista ba, ga yadda maganar take a taƙaice. Kiristoci sun gaskata Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma Ɗan ne kaɗai ya ɗauki jiki, shi kaɗai aka gicciye. Tun wajen shekara ta 213 wani marubuci ɗan Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, Tertullian, ya rubuta littafi guda yana ƙaryata wani mai suna Praxeas da ke koyar da cewa Uban ne da kansa ya sha azabar gicciye. Ikilisiya ta ƙi wannan koyarwa, domin idan Uba da Ɗa mutum ɗaya ne mai sauya riga, to da wa Yesu yake magana a gonar Getsamani, kuma ga wa ya miƙa ruhunsa? Tabon nan na hannun Papa ya taɓo gardamar da ta kai shekara 1,800. Mai karatun da bai san tarihi ba zai wuce ta wurin yana jin daɗi. Wanda ya sani zai ja birki.

Abin da ya ƙara mini ganin girman Mama shi ne ba ta tsaya a kama kuskuren ba, sai da ta tambayi abin da marubucin ke nema. Young yana yaƙi ne da wani hoto da ya zauna a zukatan mutane da yawa, na Uba mai fushi da ya juya baya ya bar Ɗa shi kaɗai. A gefen dama ta rubuta 2 Korantiyawa 5:19, inda Bulus ya nuna Allah yana cikin Almasihu yana sulhunta duniya da kansa. Masanin tauhidin nan na Jamus, Jürgen Moltmann, a littafinsa na 1972 ya bi wannan hanya da taka-tsantsan: ya ce Uba ma ya sha zafi, amma zafin rashin ɗa ne, ba zafin ƙusa ba. Young ya hango gaskiya, ya zana ta da hoton da bai dace ba. Iya faɗin waɗannan biyun tare, ba tare da ɗaya ya haɗiye ɗaya ba, shi ne abin da yawancin masu suka da masu yabo suka kasa.

Akwai wani babi da ya fi kowanne ƙarfi, kuma shi ya fi bukatar nutsuwa. An kai Mack cikin kogo gaban wata mace, Sofiya, wadda ke wakiltar hikimar Allah. Ta ɗora shi a kujerar alƙali, ta ce cikin 'ya'yansa biyar ya zaɓi biyu su shiga aljanna, uku su tafi wuta. Ya kasa, ya faɗi yana roƙon a tura shi a madadinsu. Babu uban da zai karanta wannan jikinsa bai yi sanyi ba. Ƙagaggen labari ba ya kawo maka hujja ɗaya bayan ɗaya yadda littafin tauhidi ke yi. 'Ya'yanka yake kawo maka. Kafin ka farga ka riga ka amince da abin da ba a taɓa furtawa ba, wato tun da kai ba za ka iya ba, Allah ma ba zai hukunta kowa ba.

Gwanin karatu yana barin hawayen ya bushe, sannan ya ciro hujjar daga cikin labarin ya shimfiɗa ta a fili. Shin hukunci a Littafi Mai Tsarki zaɓen son rai ne tsakanin yara marasa laifi, kamar yadda aka tsara wa Mack? Ina matsayin wanda ya kashe Missy idan bai tuba ba? Papa ya ce a wani wuri ba ya bukatar hukunta zunubi, domin zunubi da kansa hukunci ne. Romawa sura 1 ta ba wannan rabin goyon baya, inda Allah ya sallama mutane ga son zuciyarsu. Amma Romawa sura 2 da Matiyu 25 suna maganar wata rana da za a yi shari'a. Mama ta rubuta duka ukun. Aikin nan ya yi kama da na mace mai bakace da faifai: ba zubarwa take ba, ba kuma haɗawa take ta tuƙa duka ba, hannunta ya san kaɗawar da za ta ware tsaki gefe ta bar gari.

Ladabi ɗaya da na ga ta riƙe da ƙarfi shi ne ba ta ɗora wa littafi abin da bai faɗa ba. Mutane da yawa sun ce The Shack yana koyar da cewa kowa zai sami ceto a ƙarshe. Ta bi shafukan ba ta ga inda aka faɗi haka kai tsaye ba. Har ma akwai inda Mack ya tambayi Yesu ko duk hanyoyi gare shi suke kaiwa, aka ba shi amsar a'a. Abin da ta rubuta a bangon baya shi ne, littafin can ya nufa, amma bai ƙarasa ba. A 2017 Young ya fitar da wani littafin da ba labari ba, Lies We Believe About God, ya fito fili ya ce ya yarda da ceton kowa da kowa. Hasashenta ya tabbata, amma ba ta koma ta sauya abin da ta rubuta ba, don a ganinta kowane littafi da abin da ke cikinsa ake yi masa shari'a. Ra'ayin ma ba sabo ba ne. An danganta shi ga Origen na Iskandariya tun ƙarni na 3, ikilisiya ta yi tir da shi a ƙarni na 6 zamanin Sarki Justinian, ya sake ɓullowa a rubutun George MacDonald na Sikotilan a ƙarni na 19. Wanda ya san wannan ba ya firgita, ba ya kuma ɗauka wani sabon wahayi ne ya sauko a Oregon.

Kada a manta da abin da littafin ya samu daidai, domin ruwa ba ya tsami banza. Young ɗan mishan ne, ya tashi cikin ƙabilar Dani a tsibirin Niyu Gini, kuma ya sha faɗa a fili cewa an ci zarafinsa yana yaro. Bukkar nan ciwonsa ce. Ya bar Mack ya yi wa Allah tambayoyin da masu makoki ke haɗiyewa, irin waɗanda Ayuba da marubutan Zabura suka yi ba tare da tsoro ba. Ya kuma nuna cewa yafiya ba mantuwa ba ce, ba ta hana shari'a, ba ta tilasta komawa abota. A Jos, inda tun daga 2001 gidajen Kirista da na Musulmi da yawa suka binne 'ya'yansu, wannan ba zancen littafi ba ne. Sau da yawa abin da mai makoki ke samu shi ne “sai haƙuri” da aya guda, a watse. Ina ganin duk faston da zai hau bagade ya la'anci littafin nan, ya kamata ya fara tambayar kansa me ya sa tumakinsa suka je neman ta'aziyya wurin baƙo.

Wasu littattafan sun fi wannan wuyar aunawa, don ba su ba ka magana a baki. Shusaku Endo, ɗan Katolika daga Japan, ya fitar da Silence a 1966. Labarin wani fada ne ɗan Fotugal da ya shiga Japan a ɓoye a ƙarni na 17, lokacin da aka haramta Kiristanci. Aka kama shi, aka rataye talakawa kai ƙasa a cikin rami suna nishi, aka ce ba za a sauke su ba sai ya taka hoton Almasihu da ƙafarsa. A daidai lokacin sai ya ji kamar murya daga hoton tana ba shi izinin takawa. Ya taka. Wasu shugabannin coci a Japan ba su ji daɗin littafin ba ko kaɗan, don Matiyu 10:33 ta yi gargaɗi mai tsanani ga mai musun Yesu a gaban mutane.

Mai gaggawa zai ce Endo ya halatta ridda. Mai lura zai ga cewa yana ɗora ƙafa a kan hoton sai zakara ya yi cara, kamar daren da Bitrus ya yi musun Ubangijinsa. Marubucin da ke son wanke jaruminsa ba zai sa zakaran nan ba. Kuma muryar, ta wa ce? Ta Almasihu, ko ta zuciyar mutumin da aka gajiyar? Endo bai raba gardamar ba. A ƙasarmu, inda 'yan ta'adda suka sha ɗora wa mutane bindiga a ka su zaɓi tsakanin imaninsu da ransu, ba a karanta wannan babi da wasa. Gwanin karatu yana iya tsayawa a kan cewa musun kuskure ne, ya girmama waɗanda suka ƙi yi har suka mutu, amma ya fito daga littafin da ƙarin tausayi ga wanda ya karye. Tambayar da Endo ya jefa ita ce ko Almasihu yana tare da wanda ya faɗi, kuma labarin Bitrus ya riga ya ba da amsarta.

A ganina, littafin da ya fi wuyar aunawa shi ne wanda bai ɓata maka rai ba. Jerin littattafan Left Behind na Tim LaHaye da Jerry Jenkins, guda 16 daga 1995 zuwa 2007, sun sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Sun buɗe da fasinjoji suna ɓacewa daga jirgin sama, tufafinsu kaɗai suka rage a kan kujeru, sannan aka shiga shekara bakwai ta tsanani ƙarƙashin wani ɗan siyasa daga Romaniya da ya zama shugaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutane da yawa sun karanta su a matsayin littafin Ru'ya ta Yohanna da aka sauƙaƙa. Alhali wannan tsari, na fyaucewa a ɓoye kafin tsanani sannan wata dawowa daga baya, John Nelson Darby ne ya yaɗa shi a wajen shekarun 1830, ya samu gindin zama a Amurka ta hanyar Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909. 'Yan Katolika da Otodoks da Lutheran ba su koyar da shi. Mutum na iya bincika 1 Tasalonikawa 4 ya gamsu da ra'ayin, wannan haƙƙinsa ne. Abin da gwani ba ya yarda da shi shi ne labari mai daɗi ya zaɓar masa ɓangare a gardamar da bai ma san ana yi ba.

Auna abu da kanka ba ya nufin auna shi kai kaɗai. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura 17, an yabe su don sun riƙa duba Littattafai kullum su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Manzo sukutum suka bincika, amma da ma'aunin da ba su ne suka ƙera ba, kuma tare suka yi. Mama tana da Shaidar Bangaskiya ta Nikiya a ka, wadda aka tsara a 325 aka kammala a 381, da ita take gane abin da ya taɓa tushe da abin da Kiristoci suka daɗe suna saɓani a kai ba tare da sun rabu ba. Sharhin manyan malamai kuwa sai ta gama nata take karantawa, kuma duk zargin da suka yi sai ta nemi shafin ta gani da idonta. Gani ya kori ji. Wani lokaci su nuna mata abin da ta tsallake, ta ƙara zagaye. Wani lokaci ta tarar sun yanko rabin jimla.

Hana karatu an gwada shi, an daɗe ana yi. Cocin Katolika ta riƙe jerin haramtattun littattafai daga 1559 har 1966. A 1953 ofishin kula da koyarwa na fadar Paparoma ya soki littafin Graham Greene na 1940, The Power and the Glory, labarin wani fada mashayi a Meziko da ya haifi 'ya, amma ya koma cikin haɗari don ya ji iƙirarin mai mutuwa, aka kama shi aka harbe. Da Greene ya gana da Paparoma Paul na 6 a 1965, sai ya tarar Paparoman ya karanta littafin da kansa, har ya ce masa kada ya damu da waɗanda rubutunsa zai ɓata wa rai. Yau da littafi ke shigowa waya cikin minti ɗaya, faston da ya ce kada a karanta sau da yawa talla ya yi wa littafin. Abin da zai amfani matasansa shi ne ya koya musu riƙe fensir.

Wannan ba ya nufin kowane littafi na kowa ne a kowane lokaci. Wata mata da ta rasa ɗanta ta nemi aron The Shack ana cikin zafin rashin. Mama ba ta hana ta ba, ba ta kuma miƙa mata ta tafi da shi ba. Ta ce ta riƙa zuwa ran Alhamis da yamma su karanta babi-babi tare, don mai sabon rauni duk abin da ya sanyaya masa zuciya karɓa yake, ba shi da ƙarfin tantancewa.

Saurayin nan kuwa ya tafi da littafin, ya dawo bayan 'yan makonni da takardu cike da lambobin ayoyi. Ya yarda da ita a kan tabon hannu, ya kuma amsa cewa babin yafiya ya taɓa shi. Amma a kan siffanta Uba bai sauka ba. Ya kawo Kubawar Shari'a sura 4, inda Musa ya tuna wa Isra'ilawa cewa a Horeb murya suka ji, ba su ga siffa ba, ya kuma hana su yin siffar namiji ko ta mace. Ya ce a ganinsa ta rage wa abin nauyi. Ta buɗe wurin ta karanta a hankali, ta ɗauki fensir ta ƙara lambar a gefen hagu na shafinta. Ba ta ce ta sauya ra'ayi ba, shi ma bai sauya ba.

“Ka yi aiki, ɗana,” in ji ta. Ta tashi ta ɗauko masa littafin Endo daga kanta. “Wannan ya fi wancan wuya. Karatun farko ban da fensir.”